BABI NA UKU: TSIRRAI CI-MA-ZAUNE DA DANGANTAKARSU DA SAURAN HALITTU A GONAKIN ƘASAR DAURA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo bayani a kan ire-iren amfanin gonar da ake nomawa a ƙasar Daura. Shi kuwa wannan babi zai dubi wasu tsirrai ne waɗanda ba su iya rayuwa da kansu, sai sun liƙe a jikin wani tsiron suna shan ruwansa da abincinsa. Guda biyu daga cikinsu su ne aka fi sani a wannan yanki, wato wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, da kuma kauci. Za a fi ba da ƙarfi a kan wuta-wuta saboda ita ce take kama gero da dawa da wake, waɗanda su ne abincin yau da kullum na mutanen masarautar.

Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, yawaitar wuta-wuta a gona alama ce ta gajiyar ƙasa. Dalili kuwa, ciyawar tana amfani ne da wata hulɗa da ke tsakanin saiwar hatsi da wasu halittu na cikin ƙasa, hulɗar da take ƙaruwa a duk lokacin da shuka ta ji yunwa. Idan aka fahimci wannan, za a gane abin da ya sa fartanya kaɗai ta kasa maganinta, za a kuma gane matsayin gawo da dabbobi da wake a cikin sha'anin.

3.1 Ire-iren Dangantaka Tsakanin Halittu

Masana kimiyyar muhalli sun karkasa zaman da halittu ke yi da juna zuwa gida-gida. Guda uku daga ciki ne suka shafi wannan babi.

Na farko shi ne zaman gasa. Wannan shi ne inda halittu biyu ke neman abu ɗaya, kowa na ƙoƙarin ya riga ɗan'uwansa. Misalinsa shi ne ƙarangiya ko tafasa a gonar gero. Kowannensu yana da saiwarsa, yana neman ruwa da taki da hasken rana da kansa, cutar da yake yi wa gero ita ce rage masa rabo.

Na biyu shi ne zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, inda kowane ɓangare ke amfana. Alal misali, idan aka tuge wake ko gyaɗa za a ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar. A cikinsu akwai ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda ke ɗebo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi taki ga shukar, ita kuma ta ba su abinci da wurin zama.

Na uku shi ne zaman ci-ma-zaune, inda ɗaya ke amfana, ɗayan kuma yana cutuwa, kamar dai zaman kaska a jikin saniya. Wanda ake rayuwa a jikinsa shi za a riƙa kira mai masauki a wannan babi. A duniya akwai nau'in tsirrai masu fure sama da 4,000 da ke irin wannan rayuwa, wato kimanin ɗaya cikin ɗari na dukkan tsirrai masu fure. Wasu suna kama saiwa ne a ƙarƙashin ƙasa, kamar wuta-wuta, wasu kuma reshe suke kamawa, kamar kauci. Abin da ya haɗa su duka shi ne wata gaɓa ta musamman da suke hudawa da ita cikin jikin mai masauki, wadda za a iya kira matsotsi.

Ya kamata a lura cewa waɗannan gidaje uku ba a rarrabe suke a gona ba. Kamar yadda bayani zai zo, halitta ɗaya takan kasance ci-ma-zaune ga wani, abokiyar cuɗanya ga wani, sannan abinci ga wani daban.

3.2 Yanayin Ƙasar Daura

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar na Jihar Katsina, wato Daura da Ɓaure da Zango da Mai'aduwa da Sandamu. Ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar daga arewa, da Jihar Jigawa daga kudu da gabas. Damina gajeriya ce, yawanci daga watan Yuni zuwa Satumba, kuma ruwan da ake samu a mafi yawan shekaru bai cika wuce milimita 500 zuwa 700 ba. Mafi yawan gonakin jigawa ne, wato ƙasa mai rairayi wadda ba ta riƙe ruwa ko taki na tsawon lokaci, kuma tana da ƙarancin sinadaran fosforas da naitirojin. Wannan ne ya sa gero ya zama babban hatsin yankin, sai dawa a wuraren da ƙasar ta ɗan fi ƙarfi, sannan wake da gyaɗa da riɗi waɗanda ake sakawa a tsakani.

Zafi da ƙarancin ruwa da ƙasa maras ƙarfi da kuma noman hatsi iri ɗaya shekara da shekaru, su ne abubuwa huɗun da wuta-wuta ta fi so, kuma duk sun haɗu a wannan yanki.

3.3 Siffar Wuta-wuta da Nau'o'inta

Sunan wuta-wuta ya samo asali ne daga yadda take barin shuka, ganye ya yi ɗorawa-ɗorawa ya ƙanƙance ya bushe kamar wanda wuta ta lasa. A gonakin arewacin Nijeriya da kudancin Nijar nau'i biyu ne suka fi ɓarna.

Na farko shi ne wanda masana ke kira Striga hermonthica. Shi ne mai kama gero da maiwa da dawa da masara. Yana da koren ganye siriri mai kaushi, yakan kai tsawon rabin mita ko fiye, furensa kuma ja-ja ne mai ɗaukar ido, ta yadda gonar da ya cika takan yi kyan gani daga nesa a ƙarshen damina alhali babu abin girbi a cikinta. Wannan nau'i ba ya yin 'ya'ya sai ƙwari sun ɗauko masa garin fure daga wani tushe daban. Saboda haka kowane tushe yana da ɗan bambanci da ɗan'uwansa, abin da ke ba shi damar sabawa da sabon irin hatsi cikin 'yan shekaru. An kuma lura cewa akwai jinsin da ya fi sabawa da gero, akwai wanda ya fi sabawa da dawa.

Na biyu shi ne Striga gesnerioides, wato wuta-wutar wake. Gajere ne, yana fitowa cunkus a gindin wake, ganyensa ƙanana ne ƙwarai kamar ɓawo, don haka kusan duk abincinsa daga waken yake samu. A inda ya kama saiwa yakan yi wani kumburi kamar ƙaramin dankali. Akwai kuma wata 'yar'uwarsu mai ruwan ɗorawar fure, Alectra vogelii, wadda ke kama wake da gyaɗa, sai dai ta fi yawa a wuraren da suka fi Daura samun ruwa.

3.4 Yadda Take Kama Mai Masauki

Ƙwayar irin wuta-wuta ƙarama ce kamar ƙura, tsawonta bai wuce kashi ɗaya cikin uku na milimita ba. Tushe ɗaya mai lafiya yakan zubar da ƙwaya dubu hamsin ko fiye, kuma ƙwayar tana iya kwanciya a cikin ƙasa sama da shekara goma ba ta mutu ba. Saboda ƙanƙantarta, guzurin abincin da ke cikinta kaɗan ne. Idan ta tsiro ba ta sami saiwar da za ta kama ba cikin 'yan kwanaki, mutuwa za ta yi. Wannan ne ya sa ba ta tsira da saukar ruwa kawai kamar sauran ciyayi, sai ta bi matakai kamar haka:

Da farko sai ta jiƙa a cikin ƙasa mai ɗumi da laima na tsawon mako ɗaya zuwa biyu, wanda ya yi daidai da farkon damina lokacin da gero ke kafa saiwa. Bayan haka sai ta jira wani sinadari da saiwar mai masauki ke fitarwa. Ƙwayar da ke kusa da saiwa ƙwarai, tazarar 'yan milimitoci, ita ce kaɗai ke jin wannan sinadari ta tsiro. Daga nan sai ɗan tsiron ya miƙa, da zarar ya taɓa saiwar sai bakinsa ya kumbura ya zama matsotsi, ya huda ɓawon saiwar har ya haɗu da jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa zuwa kara da ganye.

Bayan ta kama, takan yi kamar mako huɗu zuwa bakwai a ƙarƙashin ƙasa, fara fat, ba ta da wani abinci sai wanda take tsotsa. A wannan lokaci ne ake yin noman firi, wani lokaci har da maimai, manomi na ganin gonarsa fes alhali ɓarnar ta riga ta yi nisa. Geron sai ya tsugune, gaɓoɓinsa su gajarce, ganyensa ya yi yaushi ko da ƙasa na da laima. Ciyawar ba ta tsaya ga satar ruwa da abinci ba, tana kuma dagula yadda shukar ke girma, ta rage mata ƙarfin sarrafa abinci daga hasken rana, ta sa ta yawaita saiwa maimakon kara da zangarniya.

Idan ta fito fili kuma, ƙananan ƙofofin da ke jikin ganyenta a buɗe suke kusan kowane lokaci, ruwa na fita ta cikinsu fiye da yadda yake fita daga ganyen geron. Da wannan dabara ce take janyo ruwa daga saiwar zuwa jikinta. Shi ya sa ɓarnarta ta fi tsanani a shekarar da aka sami tsaikon ruwa. Kimanin wata ɗaya bayan fitowarta sai ta yi fure, bayan 'yan makonni kuma iri ya nuna ya zube, daidai lokacin da hankalin manomi ya koma kan girbi da ɗaurin dami.

3.5 Dalilin da ya sa Saiwa ke Fitar da Sinadarin

A shekarar 1966 ne wasu masana a Amurka suka fara ware wannan sinadari daga saiwar auduga, suka sa masa suna sitirigol. Daga baya aka gano 'yan'uwansa da dama a dawa da gero da masara da wake, aka haɗa su a ƙarƙashin suna ɗaya, sitirigolakton. Sai dai tambayar da ta daɗe ba a amsa ba ita ce, me zai sa shuka ta fitar da abin da zai tayar da mai cutar da ita?

An sami amsar a shekarar 2005, lokacin da wasu masana a Japan suka nuna cewa sinadarin kira ne ga wata irin fumfuna mai amfani da ke zaune a cikin ƙasa, wadda ake kira maikoraiza. Ita wannan fumfuna tana da zare-zare siraran da suka fi saiwa shiga lungu-lungun ƙasa. Idan ta ji kiran sai ta yi rassa ta shiga cikin saiwar, ta riƙa ɗebo mata fosforas da ruwa daga wuraren da saiwar ba ta kaiwa, ita kuma shukar ta biya ta da sukari. Ke nan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne, kuma mafi yawan tsirran da ke doron ƙasa suna yin sa. A shekarar 2008 kuma aka ƙara gano cewa sinadarin yana aiki a cikin jikin shukar kanta, shi ne yake hana ta yawan 'ya'ya da rassa a lokacin da abinci ya yi ƙaranci.

Abu mafi muhimmanci ga manomin Daura shi ne, an tabbatar cewa shuka tana ƙara yawan wannan sinadari ne idan ƙasa ta rasa fosforas, a dawa kuwa har da naitirojin. Wato gwargwadon yunwar shuka, gwargwadon ƙarfin kiran da take yi wa fumfunar. Ita kuwa ƙwayar wuta-wuta tana kwance ne tana sauraron wannan kira wanda ba ita ake yi wa ba. Shukar da ta ƙoshi kiranta kaɗan ne, don haka ƙwayoyi kaɗan ne ke tashi. Wannan ya yi daidai da abin da manoma suka daɗe da lura da shi, cewa wuta-wuta ta fi yawa a gonar daji da ta gaji, ba ta cika damun gonar bayan gida da ke shan taki da toka da shara kowace shekara ba. Bahaushe na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wannan sha'ani, yunwar ƙasa ita ce tsagar bangon.

3.6 Abubuwan da Suka Taimaka Mata ta Yawaita

Wuta-wuta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Asalinta tana rayuwa ne a jikin ciyayin daji na Afirka tun kafin ta koma kan hatsi. Abin da ya sauya shi ne yadda ake amfani da ƙasa.

Na ɗaya, akwai raguwar saura. A da idan gona ta gaji akan bar ta ta huta na wasu shekaru, ƙasa ta farfaɗo, wani kaso na irin ciyawar kuma ya ruɓe. Ƙaruwar jama'a da rabon gado sun sa gonaki sun ƙanƙance, ya zama dole a noma fili ɗaya kowace damina.

Na biyu, akwai kwashe kara da harawa. Saboda darajar da suke da ita wajen abincin dabbobi da danni da makamashi, ana kwashe su kakaf bayan girbi, ba a bar wa ƙasa abin da zai ruɓe ya koma cikinta ba. Iskar hunturu da ta bazara kuma sai su kwashe ƙasar sama.

Na uku, akwai farin da aka yi a shekarun 1972 zuwa 1974 da kuma 1983 zuwa 1984, wanda ya kashe dabbobi da itatuwa masu yawa a wannan yanki, ya rage taki da inuwa. Har ila yau cutar da ta faɗa wa gyaɗa a shekarar 1975 ta rage nomanta a arewacin Nijeriya, filaye da yawa suka koma hatsi zalla.

Na huɗu, akwai yaɗuwar irin ciyawar. Iska da ruwa da kofaton dabbobi suna ɗaukar sa zuwa gonakin maƙwabta, amma binciken da cibiyar IITA ta buga a shekarar 1994 ya nuna cewa babbar hanyar da yake yin tafiya mai nisa ita ce cikin irin shuka. Idan aka shanya zangarniya ko aka yi sussuka a ƙasan gonar da ke da ciyawar, ƙurar irin takan manne wa hatsin. Wannan abin lura ne a yankin da hatsi da wake ke kai-da-komo tsakanin kasuwanni irin su Daura da Mai'aduwa da garuruwan Nijar.

3.7 Halittun da ke Rage Mata Ƙarfi

Tun da hulɗar halittu ce ta ba wuta-wuta ƙofa, a cikin hulɗar halittu ne kuma ake samun abubuwan da ke takura mata.

3.7.1 Gawo da Dabbobi

Gawo ya sha bamban da sauran itatuwa domin da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi kore. Saboda haka ba ya tare wa shuka rana. Ganyen da ya zubar yana zama taki a daidai lokacin shuka, saiwarsa na tafiya ƙasa can ta ɗebo ruwa da abinci, sannan yana da irin ƙananan halittun nan masu ɗebo naitirojin. Da rani kuma shanu da awaki da tumaki sukan taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashi da fitsari. A nan itace da dabba da hatsi kowa ya amfana da wani. Wani bincike da aka buga a shekarar 2007 daga Jami'ar Maiduguri ya nuna cewa geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi yabanya, kuma wuta-wuta ba ta fitowa a wurin kamar yadda take fitowa a fili.

Darajar gawo tsohon abu ne a wannan yanki. An ruwaito cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19, waɗanda ikonsu ya taɓa shafar Zango da Ɓaure, sun sanya hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare shi. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma manoman Magarya da Matamaye da Mirya, maƙwabtan Daura ta arewa, suka riƙa barin 'ya'yan gawon da suka tsiro da kansu a gona suna yi musu sassabe, har itacen ya sake cika gonaki masu faɗin gaske.

3.7.2 Shukokin Tarko

Akwai shukokin da saiwarsu ke fitar da sinadarin da ke tayar da ƙwayar wuta-wutar hatsi, amma ciyawar ba ta iya kama su. Daga cikinsu akwai auduga da gyaɗa da waken soya da wake da riɗi. Ƙwayar da ta amsa kiransu ta tsiro, sai ta rasa mai masauki ta mutu. Da haka ake rage irin da ke kwance a ƙasa sannu a hankali. Binciken da aka yi a Nijar aka buga a 2004 ya nuna cewa saka riɗi a cikin gero yana rage fitowar ciyawar da yawan 'ya'yanta. Bugu da ƙari, wake mai yaɗo yana rufe ƙasa ya sanyaya ta, wanda hakan ke takura wa ciyawar da ta fito.

Sai dai akwai abin lura a nan. Waken da yake tarko ga wuta-wutar hatsi, shi ne kuma mai masaukin wuta-wutar wake, ita kuma ba ta kama gero. Saboda haka tsohuwar al'adar nan ta gicci, da kuma juya shuka daga shekara zuwa shekara, sun fi maimaita abu ɗaya a wuri ɗaya, ko da wake ne.

A ƙasar Kenya cibiyar icipe ta ɓullo da wata dabara a ƙarshen shekarun 1990, inda ake shuka wani tsiro dangin wake mai suna Desmodium a tsakanin layukan masara. Saiwarsa tana tayar da ƙwayar ciyawar, sannan ta hana ta kafa matsotsi. Dabarar ta yi nasara a yammacin Kenya, amma tsiron yana bukatar ya rayu har rani, abin da ke da wuya a wurin da ake wata bakwai ko takwas ba ruwa, dabbobi kuma na sake a gonaki bayan kaka.

3.7.3 Fumfuna da Ƙwari

Ita kanta fumfunar maikoraiza, idan ta riga ta zauna a saiwa, shukar takan rage kiran da take yi. Gwaje-gwajen da aka yi a kan dawa da masara a arewacin Kamaru sun nuna raguwar wuta-wuta a inda fumfunar ta kama. Akwai kuma wata fumfuna daban mai suna Fusarium oxysporum, wadda wani jinsinta wuta-wuta kaɗai yake sa wa cuta. Masana a Samaru ta Zariya da wasu ƙasashen Afirka sun ware ta daga jikin ciyawar da ta kamu, an kuma gwada shafa ta a jikin irin shuka. Haka nan akwai wani ɗan ƙwaro mai suna Smicronyx wanda ke yin ƙwai a cikin kwanson 'ya'yan ciyawar, tsutsarsa ta hana iri samuwa. Wato shi ma ci-ma-zaune yana da nasa ci-ma-zaunen, ko da yake waɗannan ƙwari su kaɗai ba su isa su kawar da ita ba.

3.7.4 Iri Mai Juriya

An sami wani wake daga ƙasar Botswana mai lamba B301 wanda saiwarsa ke kashe wurin da ciyawar ta huda kafin matsotsin ya kafu. Daga irin wannan aiki ne tashar IITA ta Kano tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka samar da wake masu jure wuta-wuta, ciki har da SAMPEA 10 wanda aka fitar a shekarar 2008. A ɓangaren dawa kuwa, Gebisa Ejeta, ɗan asalin Habasha da ke Jami'ar Purdue a Amurka, ya sami Kyautar Abinci ta Duniya a 2009 saboda samar da dawar da sinadarin saiwarta ba ya tayar da ƙwayar ciyawar sosai. Amma kamar yadda aka faɗa a baya, wuta-wutar hatsi tana da saurin sabo, don haka iri mai juriya ya fi daɗewa yana aiki idan an haɗa shi da taki da juya shuka.

3.7.5 Hannun Manomi

Tuge ciyawar ba ya ceto amfanin bana, domin ɓarnar ta riga ta auku. Amfaninsa shi ne hana sabon iri zuba, da sharaɗin a tuge ta kafin fure ya bushe, a fitar da ita daga gona a ƙone. Idan aka yar da ita a kunya, 'ya'yan na iya ƙarasa nuna. Kuma aikin ba na mutum ɗaya ba ne, tun da iska da ruwa ba su san iyakar gona ba, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Misalin Amurka ya isa ishara. An ga wani nau'in ciyawar a jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu a shekarar 1956, kuma sai da aka yi shekaru da dama ana killace gonaki, ana fesa magani, ana tura iskar etilin cikin ƙasa don ta tayar da ƙwayoyin su mutu, kafin a ci ƙarfinta. Irin wannan kashe kuɗi ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, abin da ke hannunsa shi ne taki da itace da tsarin shuka.

3.8 Kauci

Kauci shi ne ci-ma-zaunen da ke zama a reshen itace. Ana ganinsa a jikin kaɗanya da ɗorawa da bagaruwa da gawo da sauransu, kuma da sunan itacen da ya hau ake kiransa, a ce kaucin kaza. Ire-irensa na wannan yanki suna cikin dangin da masana ke kira Tapinanthus da Agelanthus. Yana da koren ganye, yana sarrafa wani kaso na abincinsa da kansa, amma ruwa da gishirin ƙasa daga itacen yake sha. Reshen da ya kama yakan kumbura, abin da ke gaba da kumburin ya daina 'ya'ya, a ƙarshe ya bushe. Idan ya yi yawa, musamman a shekarun fari, yana iya kashe itacen. A Burkina Faso an gano cewa mafi yawan itatuwan kaɗanya suna ɗauke da shi.

Rayuwar kauci ta rataya ne a kan tsuntsaye. Ɗan tsuntsun nan mai siririn baki da ake kira sha-kauci yana shan zumar furen, a wajen haka ya kwashi garin fure zuwa wani kaucin. Wasu ƙananan tsuntsaye kuma suna cin 'ya'yan, su goge ƙwallon mai danƙo a jikin wani reshe, inda zai tsiro ya huda. Ke nan kauci macuci ne ga itace, amma abokin cuɗanya ne ga tsuntsu. Mutane ma suna amfani da shi, masu maganin gargajiya na nemansa, makiyaya kuma na sassaɓo shi su ba dabbobi da rani. Maganinsa a gona shi ne a sare reshen daga bayan kumburin, domin idan ganyen kawai aka cire zai sake tohowa. Alaƙarsa da batun wuta-wuta a fili take: duk abin da ya raunana itatuwan gona ya rage takin da suke zubarwa, raguwar taki kuma ita ce ke buɗe wa wuta-wuta hanya.

3.9 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ire-iren zaman da halittu ke yi da juna, aka kuma kawo wuta-wuta da kauci a matsayin misalan tsirrai ci-ma-zaune a ƙasar Daura. An nuna cewa ƙwayar wuta-wuta ba ta tsira sai ta ji sinadarin da saiwa ke fitarwa domin kiran fumfuna mai amfani, kuma wannan kira yana ƙaruwa ne idan ƙasa ta rasa fosforas da naitirojin. An kuma ga cewa gawo da dabbobi da shukokin tarko da iri mai juriya kowannensu yana rage mata ƙarfi ta fuska daban, amma babu ɗaya da ya isa shi kaɗai, musamman da yake irin da ke kwance a ƙasa yana wuce shekara goma. Saboda haka duk wani shirin yaƙi da ita a wannan masarauta, ko na hukumar KTARDA ne ko na ƙungiyoyin manoma, ya kamata a auna shi da shekaru da dama, a kuma fara shi daga ciyar da ƙasa da tsabtace irin shuka. Babi na gaba zai dubi hanyoyin gargajiya na sarrafa taki da kiwon itatuwan gona a yankin.